Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A Bonaberi, ƙetaren kogin Wuri, akwai wata gwauruwa mai tuyar ƙosai a bakin hanya. Mutuniyar Garwa ce. Ta zo Duwala tare da mijinta tun suna da ƙuruciya, suka yi shekaru da yawa a unguwar Hausawa ta New Bell. Bayan rasuwarsa ta ƙaura zuwa Bonaberi, inda kuɗin haya yake da sauƙi. Gidan da take zaune ɗaki takwas ne, kowane ɗaki da iyalinsa, rijiya ɗaya, masai ɗaya. Tana riƙon jikarta mai shekara bakwai, wadda take kira kishiya, yadda kakanni suka saba yi wa jikokinsu mata wasa.

Jarin wannan mace buhun wake ne da galan na mai. A daminar 2023 ɓeraye suka tasa buhun a gaba. Kowace safiya sai ta tarar da huda sabuwa, wake ya zube, kashin ɓera ya gauraya da shi. Ta ƙi sa guba saboda yaran gidan, gama akwai masu rarrafe. Tarko kuwa ya kama biyu, sauran suka gane shi. Sai ta tuna da tsohuwar maƙwabciyarta a New Bell, wata Hajiya mai sayar da hatsi kusa da Babbar Kasuwa, wadda rumfarta ba ta rabuwa da kyanwa.

Wata Asabar cikin Yuli ta hau babur ɗin haya, wanda mutanen Duwala suke kira bensikin, ta haye gadar Wuri, ta bi ta Deido har New Bell. Unguwa ce tsohuwa. Jamusawa ne suka yanka ta wajen 1914, sa'ad da suka tashi mutanen Duwala daga bakin kogi, daga baya ta zama masaukin baƙi daga ko'ina, har da Hausawa fatake da mahauta. Gwauruwar ta san kowane lungu nata. Ta tarar da Hajiya, suka gaisa, suka tambayi yara da jikoki. Ga shi kuwa kyanwar rumfar ta haihu, 'ya'ya huɗu suna kwance a bayan buhunan gero.

Hajiya ta ce, “Maman yara, ki bari su ƙara mako biyu ko uku. Kwanansu arba'in bai cika ba, har yanzu suna shan uwa.”

Gwauruwar ta lissafa kuɗin babur zuwa da komowa, ta lissafa waken da take asara kowane dare. Ta ce, “Hajiya, ai na goyi mutum, balle kyanwa. Ba ni ita yau.”

Aka sa mata wata mai tokar jiki da farin wuya a cikin kwali. Da ta isa gida jikar ta yi ta tsalle. Kakar ta ce, “Kishiya, ga baƙuwa na kawo miki.” Sunan ke nan da ya bi kyanwar, Baƙuwa.

A daren nan aka dama mata madarar gari mai kauri, aka zuba sukari, gama a ganin kakar abin da ya fi kyau a ɗakin shi ya kamata a ba marainiya. Ta lashe tas. Kwana biyu ana haka, a rana ta uku zawo ya ɓarke. Ruwa ne zalla, mai tsami, ya ɓata tabarma da gefen katifa. Kakar ta ce baƙunta ce, za ta saba. Ta ƙara mata madara don kada ta rame. Zawon ya ƙaru.

Wani mahauci da yake sayen ƙosanta kowace safiya kafin ya wuce mayanka, shi ya fara buɗe mata ido. Ya ce, “Inna, daina ba ta madarar nan. A gidanmu romon nama muke ba su, da ɗan kifi.” Maganarsa gaskiya ce, ko da yake bai san dalilinta ba. A cikin madara akwai wani irin sukari wanda hanji ba ya narkar da shi sai da wani sinadari na musamman. 'Yar kyanwa tana da wannan sinadari sa'ad da take shan uwa, amma yana raguwa yayin da take kusantar yaye. Ban da haka nonon saniya ba daidai yake da na kyanwa ba, sukarinsa ya fi yawa, abin gina jikinsa kuwa bai kai ba. Sukarin da bai narke ba sai ya tsaya a hanji, ya jawo ruwa, ya yi tsami, ya fita da gudu. Ƙa'ida ita ce 'yar kyanwa ta fara taɓa abinci a mako na huɗu, ta rabu da uwa bayan mako na takwas. Baƙuwa ta bar uwarta tun ba ta kai shida ba.

Aka daina madara. Aka koma dafaffen kifi marar yaji da ɗan ruwansa. Bayan kwana biyu zawon ya tsaya. Kakar ta gode wa mahauci, ta ƙara masa ƙosai uku.

Mako bai cika ba ya komo. Wannan karo da wani salo ya zo. Cikin kyanwar ya kumbura kamar ƙwarya, haƙarƙarinta kuwa ana iya ƙirgawa. Gashinta ya tashi, ya daina sheƙi. Tana ci, amma ba ta ƙaruwa. Masu shawara suka yi yawa. Wata ta ce a ba ta tafarnuwa. Wani ya ce a shafe ta da kalanzir saboda ƙuma. Wani mai tallar magani a kan tire ya sayar wa kakar ƙwayoyi iri uku, ya ce ta raba kowace huɗu. Ta ƙulle su a bakin zane, zuciyarta ba ta kwanta da su ba. A daren nan kyanwar ta yi amai, jikar ta haska fitila, sai ga tsutsa fara tana motsi a ciki, doguwa kamar taliya.

Da safe kyanwar ba ta tashi ta tarye su ba. Idanunta sun faɗa. Kakar ta ɗaga ta, ta ji kamar tsumma. Ta tsaya da ita a hannu, ta daɗe ba ta ce kome ba.

Akwai abin da maƙwabtan Bonaberi ba su sani ba. A 2004 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Duwala. Ta faro daga unguwar Bepanda a farkon shekara, ta bazu, ta kama dubban mutane. A lokacin wannan mace tana New Bell, tana da auta, yaro mai shekara uku. Ya fara zawo da yamma. Ta ce bari gari ya waye. Da gari ya waye idanunsa sun faɗa, fatarsa in an ja ba ta komawa. An kai shi asibiti, amma an makara. Shekara goma sha tara ke nan ba ta yin zancen da kowa. Ranar nan ta ga idanun yaron a fuskar dabba.

Ba ta hura wutar tuya ba. Ta ɗebi kuɗin da ta ajiye na sayen wake, ta sa kyanwar cikin kwali, ta nemi inda likitan dabbobi yake. Matan gida suka bi ta da dariya. Ɗaya ta ce, “Mutane ma ba su samu zuwa asibiti ba, sai mage? In ta mutu ai New Bell cike take da su.” Ba ta amsa ba.

Likitan saurayi ne, ya yi karatu a makarantar likitocin dabbobi ta Jami'ar Ngaundere, yana kuwa jin Hausa. Ya ɗora kyanwar a ma'auni, giram 450. Ya ce, “Mama, 'yar kyanwa ana haihuwarta da wajen giram 100, kowane mako kuma tana ƙara wajen 100. Wannan ya kamata a ce ta doshi 800.” Ya ja fatar wuyanta, ta tsaya a tsaye kafin ta kwanta. Ya taɓa dasashinta, ya ji ya bushe, yana danƙo, ya kuma yi fari. Ya ce ruwan jikinta ya ƙare ƙwarai, kuma a jiki ƙarami haka kwana ɗaya ya isa kisa. Ya yi mata allurar ruwa a ƙarƙashin fata.

Sa'an nan ya tambaya, “Me kika ba ta?”

Ta kwance bakin zane. Ya ɗauki ɗaya daga cikin ƙwayoyin, ya juya ta, ya dube ta. Farasitamol ce. Ya ce, “Kin ba ta wannan?” Ta ce a'a. Ya sauke numfashi. Ya bayyana mata cewa hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani yadda ta mutum take yi. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe babban muzuru, ɓarinta kuwa ya isa ya gama da ƙarama. Jininta yakan lalace, dasashi ya yi duhu, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Ya ce albasa da tafarnuwa ma suna farfasa ƙwayoyin jinin kyanwa, ko ɗanye ko dafaffe, saboda haka kada a ba ta sauran miya. Kalanzir yana ƙone fata, in ta lashe kuma ya zama guba. Har maganin ƙuma na kare, akwai irin da in an ɗiga wa kyanwa sai ta kama jijjiga ta mutu.

Game da tsutsar kuwa, ya ce yawancin 'ya'yan kyanwa da ita suke tashi, gama tana bi ta nonon uwa. Ya kuma gaya mata dalilin da ya sa ba a maganinta sau ɗaya. Magani yana kashe manyan da suke cikin hanji. Amma ƙananan suna yawo a cikin jiki, ta hanta da huhu, inda maganin ba ya cin musu. Bayan 'yan kwanaki sai su sauko hanji su girma. Domin haka ake maimaitawa kowane mako biyu tun suna ƙanana, daga baya wata wata har su cika wata shida. Ƙwan tsutsar kuma yana fita cikin kashi, ya zauna a ƙasa watanni, har shekaru. Yaron da yake wasa da ƙasa ya kai hannu baki yana iya haɗiye shi.

Ya rubuta mata ranakun magani a takarda. Ya ce kada ta hana ta abinci da sunan hutar da ciki, gama ƙaramar kyanwa ba ta jure yunwa. A ba ta kaɗan kaɗan, sau huɗu ko biyar a yini, iri ɗaya, in za a sake mata abinci a yi shi a hankali cikin mako guda. In ta ga jini a kashi, ko amai ba tsayawa, ko ta ƙi ci yini ɗaya, kada ta jira gari ya waye. Da ya faɗi wannan kakar ta sunkuyar da kai.

Baƙuwa ta farfaɗo. Cikin ya saɓe, ta fara bin igiyar da jikar take ja mata. Kakar ta ci bashin rabin buhun wake, ta koma bakin kasko. Matan gida suka yi shiru.

Sai ga Agusta. Wanda bai zauna Duwala ba ba zai gane ruwan Agusta ba. Garin yana samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, wajen ninki huɗu na abin da Kano take samu, mafi yawansa kuwa tsakanin Yuni da Oktoba yake sauka. Ƙasar Bonaberi kwance take, kusa da kogi, ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashinta. Aka kwana uku ana zubawa. Lambatu ya cika ya shigo tsakar gida, ya kai idon sawu. Da ya janye, kwana biyar ko shida, zawon ya komo karo na uku. Wannan mai laushi ne, mai maiƙo, da wari mai tsanani, wani lokaci da majina. Yau ya tsaya, jibi ya dawo.

Nan ne kakar ta kusa karaya. Ta daina madara, ta ba da maganin tsutsa a kan ranakunsa, ta kashe jarinta. Wata a gidan ta fara cewa kyanwar nan ba ta Allah ba ce, a kai ta bakin kogi a yar. Da dare kakar ta zauna a bakin gado tana tunani. Jikar ta ce, “Kaka, za ki yar da ita?” Ta ce, “Kwanta, kishiya. Ni na ɗauko ta daga wurin uwarta tun lokaci bai yi ba. Ba ita ta ce in je ba.”

Ta koma wurin likita da ɗan kashin a cikin leda, yadda ya umarta. Ya duba a madubin likita, ya daɗe. Sa'an nan ya ce ya ga wata ƙwayar cuta da ake kira jiyardiya, wadda ido ba ya gani. Ya ce mai yiwuwa tana nan tun zuwan farko, gama ba kullum take fita cikin kashi ba, ana iya dubawa yau a rasa, gobe a samu. Tana manne wa bangon hanji, ta hana abinci shiga jiki. Tana fita a cikin wani ɓawo mai tauri wanda yake rayuwa makonni, har watanni, a wuri mai laima, amma bushewa da tafasasshen ruwa suna kashe shi. Kyanwa kuwa mai lasar jikinta ce. In ɓawon ya maƙale a gashin wutsiya ko tafin ƙafa, sai ta sake haɗiye shi, ciwon ya koma farko ko da an yi magani.

Ya ajiye alƙalami ya ce, “Mama, magani zan ba ki na kwana biyar. Amma in ba mu san inda take ɗauko shi ba, za ki komo karo na huɗu. Wane ruwa take sha?”

Ta ce, “Wanda muke sha. Na rijiya.”

“Taku nawa ne daga rijiyar zuwa masai?”

Ta rufe ido ta ƙirga. Bai kai goma ba.

“Da ruwa ya shigo gida, ya hau bakin rijiyar?”

Ya hau. Bakin rijiyar daidai yake da ƙasa, murfinta guntun kwano ne, kowa da gugarsa, ana kuwa ajiye su a ƙasa.

Likitan ya ce irin jiyardiyar da take kama kyanwa ba kasafai take kama mutum ba, kada ta ji tsoron dabbar. Amma ruwan da ƙazanta ta shiga ba ya zaɓen abin da zai ɗauko. In ya kawo na kyanwa, yana iya kawo na mutum, da abin da ya fi shi muni. Sa'an nan ya tambaya ko akwai yara a gidan, da yadda cikinsu yake.

Kakar ta yi tsit. Jikarta ta yi wata biyu tana kukan ciki, tana yawan zagayawa, abinci ba ya yi mata daɗi. An ce haƙori take sakewa. An ce mangwaro ne. Ɗan maƙwabciya mai rarrafe shi ma kullum cikin zawo yake, uwarsa ta ce haƙora ne. Kowa ya ba abin suna, aka zauna da shi.

Kashegari ta kai yarinyar asibitin unguwa. Aka auna kashinta, aka sami tsutsar ciki da wata ƙwayar zawo, aka ba ta magani. Ma'aikaciyar jinya ta tuna wa kakar haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a fara ba yaro tun zawon farko, ana shirin kai shi asibiti. Kakar ta maimaita shi sau uku har ya zauna mata.

Daga ranar aiki ya sake. Kowace safiya, in ta gama tuya, sai ta ɗora tukunyar ruwa a kan sauran garwashin, ta tafasa na sha, nata da na yarinya da na kyanwa. Ta sami tsohon baho ta zuba yashi, ya zama wurin zagayawar Baƙuwa. Tana kwashewa kullum, tana zubar da shi cikin masai, tana wanke hannu da sabulu. Ta hana matar ɗakin kusa, wadda take da ciki, taɓa yashin, gama likita ya ce kashin kyanwa yana iya ɗauke da cutar da take yi wa ɗan tayi lahani. Kwanonin kyanwar ana ƙona su da ruwan zafi. Daɓen ɗaki ana goge shi da ruwan jabel, a bar shi ya bushe sarai kafin a sake ta. A rana ta biyar ta magani aka yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, aka tsane ta da tsumma a gefen murhu.

Saura rijiya, wadda ba tata ita kaɗai ba ce. Wannan ya fi wuya. Wadda aka yi wa dariya jiya, yau ita za ta tara mutane ta ce ruwansu ba shi da kyau. Ta jira yammacin Lahadi, sa'ad da kowa yake gida. Ba ta yi zancen kyanwa ba. Ta ɗauko takardar asibitin jikarta ta ajiye a tabarma. Sa'an nan, karo na farko a Bonaberi, ta ba da labarin autanta, da daren da ta ce bari gari ya waye. Ba wanda ya yi dariya. Uwar yaron nan mai rarrafe ta jawo ɗanta ta rungume.

Mai gidan ya yi ta ja, ya ce ba kuɗi. A ƙarshe ɗakuna takwas suka yi karo-karo, shi ya ba da siminti buhu biyu. Wani magini a cikinsu ya ɗaga bakin rijiyar har gwiwa, ya yi mata daɓe mai gangara, aka sa murfin katako. Aka sayi guga ɗaya, aka rataye ta a ƙusa. Masai bai matsa daga inda yake ba, domin haka tafasa ruwan sha bai ƙare ba, amma ruwan lambatu ya daina shiga.

Mai karatu, Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ciwon da ya tafi ya komo, ya tafi ya komo, akwai ƙofar da yake bi. Wannan mace ba ta rasa tausayi ba tun ranar farko. Da tausayi ta dama madarar da ta ɓata cikin kyanwar, da tausayi kuma ta karɓi ƙwayar da za ta kashe ta. Abin da ya cece ta shi ne ta yarda ta tambaya, ta yarda a tambaye ta, ta kuma ƙi yar da amanar da ta ɗauko da hannunta. Da ta kai kyanwar bakin kogi, da rijiyar tana nan yadda take, yaran gidan suna sha.

An yi wa Baƙuwa allurar rigakafin cutar hanjin nan mai kashe 'ya'yan kyanwa, wadda masu Faransanci suke kira tifus, an maimaita, an kuma yi mata ta haukan kare da ta cika wata uku. Cikin Nuwamba ta haura kilo biyu. Wata asuba cikin Disamba kakar ta tashi wanke wake, ta taka wani abu mai laushi a bakin ƙofa. Ɓera ne, an ajiye mata shi a kan takalminta.

Asabar ɗin ta ƙunsa ƙosai mai zafi, ta haye gada zuwa New Bell. Kyanwar Hajiya ta sake haihuwa, wata mata kuma tana tsaye tana roƙon a ba ta ɗaya. Gwauruwar ta leƙa bayan buhunan gero, ta ga idanunsu bai daɗe da buɗewa ba. Ta ce, “'Yar'uwa, bari su cika wata biyu. Zauna in gaya miki dalili.”